Sai Ina, Ɗanbaba?

Ɗanbaba ya lakato yawu da ɗan yatsa ya ɗora a bakin bawul ɗin tayar kekensa, ya tsuguna ya zuba masa ido. Yawun bai yi kumfa ba. Ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya gyaɗa kai kamar mai sayen rago da ya taɓa gadon baya ya ji kitse. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama ya ɗaure da roba, don kada sarƙa ta ci. Haka yake yi kullum in gari ya fara wayewa, yau shekara uku ke nan, ko da jiya da yamma ya ba tayoyin iska.

"Malam," in ji matarsa Iyatu daga bakin murhu, "mako ɗaya muka ce. Yau kwana uku kacal."

"Ai ba yawo za ni ba." Ya nuna mata wani buhu da ya ɗaure a kariyar keken, ya cika tim. "Saƙo zan kai."

Iyatu ta taso ta danna buhun da ludayi. Ludayin ya lume.

"Ƙaiƙayi ne fa."

"Ke kika sani. Wa ya taɓa ce wa mai buhu mahaukaci?"

Asalin maganar yana da ɗan nisa. A Tudun Marke, wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin noman rani tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga yake biyo kanal ya rarrabu kamar jijiyoyin ganye, shekara arba'in Ɗanbaba ya yi yana korar tsuntsu. In shinkafa ta fitar da kai, jan-baki suka taso kamar hayaƙi, kowa yakan ja igiya ya rataya gwangwanaye da tsummokaran leda. Shi maƙogwaro kawai yake zuwa da shi. Ihu ɗaya yake yi, gona ta zama fayau. Masu son ƙari suna cewa ya taɓa yin ihu a nan, jaki ya ka da kaya a Garun Malam.

Sai hawan jini ya zo. Malamar asibiti ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta dubi allurar, ta dube shi, ta ce daga yau ya bar ihu, kuma kullum da safe ya hau keke.

"Zuwa ina?"

"Ko'ina, Baba. Ka je ka dawo."

Bai taɓa jin irin wannan aike ba, amma ya tafi. Ya bi bakin kanal bakinsa a rufe, kuma a safiyar farko ya gane wani abu da ya sa ya ja birki: shekara arba'in yana tare da tsuntsaye, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ƙeyarsu kawai ya sani.

Ashe zalɓe dattijo ne, yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, kuma ba ya son a tuna masa. Ashe balbela, duk kwanan da take cikin taɓo, rigarta ba ta taɓa neman sabulu ba. Kazar ruwa tana taka ganyen bado a hankali, kamar amarya a kan sabuwar tabarma. Ragon maza yana gunaguni cikin ciyawa, shi da aka raɗa wa suna ba a ji ta bakinsa ba. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai dogon baki, shuɗi shar, da yake faɗawa ruwa kamar an jefa allura. Ɗanbaba bai san sunansa ba, sai ya sa masa Ɗan Shuni. In rana ta ɓullo ta bayan giginya, ruwan gonaki yakan ɗauki sama gaba ɗaya ya shimfiɗa a ƙasa, mutum ya riƙa tuƙi tsakanin sama biyu. Jini ya sauka. Tumbi ya ja da baya.

Matsalar ita ce, a Tudun Marke keke abin aiki ne. Taki yake ɗauka, da kwandon tumatir, da injin ban ruwa, da akuya in ta kama. Wanda ya hau keke, akwai inda za shi, kuma haƙƙin duk wanda ya gamu da shi ne ya ji ko ina ne.

"Sai ina, Ɗanbaba?"

"Babu ko'ina."

Da farko an ɗauka rowar labari ce. Da aka ga da gaske babu ko'inan yake zuwa ya dawo, sai aka fara kallon juna. Daga baya aka ji shi yana gaida zalɓe: "Barka da asuba, ya sanyin ruwa?" Shi a ganinsa wannan ba abin magana ba ne. Yaya za ka riƙa wuce dattijo kullum a wuri ɗaya ba gaisuwa? Amma gari ya yanke cewa mutanen ruwa sun shafe shi, shafa mai sauƙi, irin wadda ba ta duka.

Duk wannan abin dariya ne, har ranar da maganar auren Fa'iza ta taso. Fa'iza ita ce autarsa, malama a firamare, kuma ita ta kawo Mudassiru da kanta, wani mai gyaran injin ban ruwa daga Madobi, wanda in ya zo zance sai ya gyara duk abin da ya lalace a zaure kafin ta fito. Danginsa suka shiga bincike kamar yadda aka saba, aka ɗora aikin a wuyan baffansa, Alhaji Ibrahimu, mutumin da ko lemo zai saya sai ya tambayi asalin bishiyar. Labari ya iso cewa Alhaji ya ji uban yarinya yana da taɓi, ya ce taɓi gado ne, kuma zai zo ya gani da idonsa cikin makon nan. In ya tabbata, magana ta mutu.

Shi ne Iyatu ta roƙi mako ɗaya. Fa'iza ba ta roƙi komai ba. Ta dai kawo masa koko ta ajiye, ta tsaya tana kallon keken, sannan ta koma ɗaki. Wannan ya fi masa ciwo. Kwana uku ya yi a kan benci a majalisa kamar kowane mai hankali, sai dai ƙafafunsa suna ta juyawa a ƙarƙashin riga ba da saninsa ba. A na huɗu ya tuna da buhu.

Bai yi nisa da gari ba ya ji wani keke yana kuka a bayansa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kukan sarƙar da ta shekara ba ta ga mai ba. Keken mai shayin garinsu ne, ko a mafarki ya san muryarsa. Ya ɗan waiga ta gefen ido. A kan keken ga wani ƙaton mutum cikin babbar riga fara da hula zanna, gwiwoyinsa suna dukan tumbinsa bi da bi. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ranar da suka zo gaisuwa, amma ba a manta irin wannan tumbi. Alhaji Ibrahimu ne ya yi sammako, ya ari keke ya biyo shi.

Ɗanbaba ya mai da kai gaba. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya kafa ido a hanya kamar mai saƙon gaggawa. Ya zo daidai zalɓe, ya wuce shi ba ko tari. Zalɓe ya juyo da dogon wuyansa ya bi shi da kallo, kallon da ya tsaya wa Ɗanbaba a ƙahon zuci.

Can gaba mata suna dashen shinkafa, sun sunkuya a jere, ruwa har ƙauri. Shugabarsu Tani, wata Bamagujiya daga wajen Bunkure wadda bakinta ya fi lauje kaifi, ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Sai ina, Ɗanbaba?"

"Saƙo zan kai!" Ya ɗaga murya yadda na baya zai ji.

"Yau kuma? Wane irin saƙo ne iska take kaɗa shi? Ko abokan naka ne suka aiko a kawo musu matashin kai?"

Mata suka kwashe da dariya. Ya taka feda ya yi gaba, kuka yana biye da shi, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

To, bayan ƙaramar ƙofar ruwa hanya takan tsuke ta zama siririyar kunya tsakanin gonaki biyu. A tsakiyar wannan kunya, a fili ƙarara, zakaran ƙeƙuwa da matarsa suka ga damar yin ƙwai. Tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, baƙi da fari, mai ƙaya a fiffike, wanda ba ya gina sheƙa kuma ba ya karɓar uzuri. Ƙwai huɗu ne, masu kama da tsakuwa, sai wanda ya sani zai gan su. Mako biyu ke nan, in Ɗanbaba ya zo nan, sauka yake ya saɓa keken a kafaɗa, ya kewaya ta kunyar gonar maƙwabta, ya hau a gaba.

Ya ja birki. Ya dubi hanya, sumul, ba rami ba ƙaya. In ya sauka a nan ya ɗauki keke a kafaɗa, ga buhu yana reto, ko shi aka nuna wa wannan hoto zai ce a nemo mai magani. In kuwa ya miƙe, ƙwai huɗu ne a ƙarƙashin taya. Ya tuna Fa'iza tsaye da ƙwaryar koko. Ya dubi uwar ƙwan, ta lafe a ƙasa, idonta ja kamar garwashi, tana kallonsa kallon wanda aka saba da shi.

"Allah ka gani," in ji Ɗanbaba. Ya sauka, ya saɓa keken, ya bi ta kewaye. Da ya zo saitinta bakinsa ya kuɓuce masa: "Sannu da kwanci."

Kukan keken baya ya tsaya cak, sannan ya taso da sauri. Alhaji ya ga abin da ya zo gani, kuma yana so ya cim masa ya ji ta bakinsa tun abin yana da zafi. Ya miƙo ta kan kunyar kai tsaye.

"Alhaji, kada ka bi nan!"

Ina! Wa yake karɓar shawarar hanya daga mutumin da keke yake hawansa? Zakaran ƙeƙuwa ya tashi da ƙara, matarsa ta bi shi. Na farko ya sauko kamar an harbo shi, ya tafi da hula. Ta biyu ta shafi sanƙo. Alhaji ya saki kan keke ya kare kai da hannu biyu, yana salati. Keken mai shayi, da ya ga an ba shi 'yanci, ya zaɓi hagu. Gonar hagu kuwa jiya aka gama kwaɓa ta don dashe. Ba a ji ƙarar faɗuwa ba, sai wani sauti mai laushi, kamar an saki tuwo a miya.

Tsuntsayen ba su haƙura ba. Suka riƙa sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya, yana zaune cikin taɓo har ƙirji yana kaɗa hannun riga. Ɗanbaba ya ajiye keke. Ya cika ƙirji da iskar da ya shekara uku yana ajiya, ya buɗe baki.

"Haaaaai-yaaa!"

Duk abin da yake da fiffike a wannan fadama ya tashi sama lokaci ɗaya. Balbelu suka watse kamar an yaga takarda. Mata suka saki dashe. A can gida Iyatu ta saki ludayi ta ce, "Shi ke nan, ya fasa auren." Sannan wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana zuba a ƙofar ruwa.

Ɗanbaba ya kamo Alhaji da hannu biyu ya finciko shi, taɓo ya sake shi da ƙyar, ya riƙe takalmi ɗaya. Ƙwai huɗu suna nan lafiya, taya ta kauce musu da taƙi guda. Ɗanbaba ya ɗaga kai ya dubi masu gidan suna kewaya sama.

"A yi haƙuri," ya ce. "Baƙo ne."

Alhaji ya goge taɓo daga ido ya dube shi, sannan ya dubi ƙwan.

Komawa gari a haka ba zai yiwu ba, balle a bi ta gaban Tani. Ɗanbaba ya ja shi bayan wani kurmin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ya karɓi riga da wando ya ɗauraye a kanal, ya shanya a kan kekuna biyu. Saura abin da Alhaji zai suturta da shi. Ɗanbaba ya kwance buhu ya zazzage. Ƙaiƙayi ya tashi ya bi iska.

"Wannan ne saƙon?" in ji Alhaji.

"Shi ne."

"Na wa?"

"Naka ne, ashe."

Alhaji ya ɗaura buhu a ƙugu ya zauna a kan ciyawa, jikinsa yana ƙaiƙayi ta ko'ina. Da numfashinsa ya dawo, sai binciken ya dawo.

"Malam Ɗanbaba, tsakaninka da Allah, me kake zuwa yi a nan kullum?"

"Abin da kake yi yanzu."

"Ni ba na yin komai."

"To."

Riga tana ɗiga. Rana ta hau kaɗan, ruwa ya koma lumshe ido. Da yake babu mai motsi, waɗanda ihu ya kora suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kamar 'yan kasuwa bayan an ɗauke ruwan sama. Ɗan Shuni ya sauka a kan wani kara da bai fi kamu uku daga gwiwar Alhaji ba. Ya leƙa ruwa. Ya faɗa, ya fito ba komai.

"Ya yi gaggawa," in ji Alhaji a hankali.

Ya sake faɗawa, ya sake fitowa ba komai.

"Kai, wannan yaro! Ka jira ya taso mana."

A na uku ya fito da ɗan kifi yana walƙiya a bakinsa kamar sabon cokali.

"Ya kama! Wallahi ya kama!" Alhaji ya doki cinyarsa, ƙaiƙayi ya tashi.

Ana cikin haka inuwa ta gifta, zalɓe ya sauko a gabansu, ya naɗe fukafukai kamar mai gyara babbar riga. Bai kalli Ɗanbaba ba, da alama fushin safe bai huce ba. Alhaji ya kafa wa ido. Ya kalli sanƙon, ya kalli tumbin, ya kalli buhun, ya sake komawa sanƙon. Alhaji ya gyara buhu. Ya kau da kai, ya dawo, ido yana nan. Mutum ne da tun yana yaro ba a taɓa yi masa irin wannan kallo ya yi shiru ba.

"Sannu," in ji Alhaji. "Ina kwana."

"Af!" in ji wata murya daga cikin kacalla. Tani ce, ta zo ɗaurayo hannu, ga hula zanna ta tsinto tana ɗiga. "Ashe abin yaɗuwa yake! Ku zo ku ga, an samu na biyu, wannan har da kayan aiki!"

Ta jefar da hular ta juya da gudu, dariya tana gaba tana binta. Hula ta faɗa kanal, ruwa ya yi gaba da ita.

Bayan kwana biyu aka taru a zauren Ɗanbaba da la'asar. Ga Alhaji Ibrahimu cikin wata sabuwar riga, da dattawa biyu daga Madobi. Ga ƙanin Ɗanbaba, wanda shi ne waliyyin Fa'iza. A bayan katanga kuwa, inda ake jin komai, an daina daka tun da baƙi suka yi sallama. Ɗanbaba ya zauna a gefe ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu don kada su juya. Kwana biyu bai iya haɗa ido da Fa'iza ba.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi ruwa da shinkafa. Sannan babban cikin dattawan ya juya.

"To, Alhaji, kai muka aika. Me ka gano?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Kafin wannan rana, labarin wani Alhaji da ya ɗaura buhu yana gaida zalɓe ya riga ya je Kura ya dawo, har an ƙara masa cewa zalɓen ya amsa. Lissafin a fili yake: in gaida zalɓe taɓi ne, to akwai shi a gidan ango ma, kuma nasu ya fi tsanani, don Ɗanbaba bai taɓa yi ba wando ba.

"Na bincika," in ji Alhaji. "Na bi shi da ƙafata, na zauna da shi. Mutumin nan lafiyarsa ƙalau." Ya shafa sanƙonsa ta ƙarƙashin hula. "Tsuntsayen garin nan ne ba su da tarbiyya."

"To, alhamdu lillahi," in ji babban dattijon. "Sai a sa rana."

Guɗa ta tashi a bayan katanga tun kafin ya rufe baki, aka ji muryar Iyatu tana cewa a yi a hankali, baƙi za su ce ana saurare. Ɗanbaba ya saki gwiwoyinsa. Ta ƙofar cikin gida ya hango gefen mayafin Fa'iza, da hannunta ya leƙo, ya ɗaga masa babban yatsa, ya koma.

Aka shiga maganar wata da rana: kafin girbi ko bayan girbi, Asabar ko Lahadi, wa zai sanar da dangin Kumbotso. Magana ce ta waliyyi, uba ba shi da ta cewa a ciki. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure ya fara yin ja. Can sama aka ji kirinjijiya suna wucewa da fito, agwagin nan da suke komawa fadama in rana ta yi sanyi. Ɗanbaba ya zaro roba daga aljihu, ya sunkuya ya naɗe ƙafar wando.

"Sai ina, Malam Ɗanbaba?" in ji ɗaya dattijon.

"Babu ko'ina."

Dattawan suka dubi Alhaji. Alhaji ya dubi rufin zaure. Da Ɗanbaba ya zo wucewa ta gabansa, sai ya kamo gefen rigarsa ya rage murya.

"Hular nan tawa, mai tsada ce. Ina ganin sai na dawo na neme ta da kaina."

"Da asuba ake samun hula, Alhaji. Ka zo da man keke."

"Ƙwan fa? Sun ƙyanƙyashe?"

"Shi zan je in gano."

Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya fita.